Ruwan Kanwa a Mount Hope

Port Richmond

Na shiga birnin New York a ƙarshen shekarar 1989 da izinin karatu a cikin fasfona, da niyyar ƙaro ilimi a kan aikin da na daɗe ina yi a gida, wato adana bayanan marasa lafiya a asibiti. Na faɗi wannan tun daga farko domin mai karatu ya san cewa wanda abin nan ya faru da shi ba jahili ba ne. Na san abin da ake kira magani, na kuma san abin da ba magani ba. Tsoro ne ya kai ni inda ya kai ni, kuma tsoron yana da dalilinsa.

Ban yi nisa a makaranta ba hukumar da ta ɗauki nauyina ta yi shiru. Na rubuta, na sake rubutawa, ba amsa. Makaranta ta cire sunana, izinin zamana kuma ya mutu tare da shi. Na wayi gari, ni Ishaya da ban taɓa tsallaka titi ba bisa ƙa'ida ba, na zama mai laifi a ƙasar mutane.

Wani ɗan garinmu mai kantin kayan abincin Afirka a unguwar Port Richmond ya ba ni wurin kwana a ɗakin ajiyarsa, tsakanin buhunan garin rogo da kwalayen busasshen kifi. Daga buɗe kanti har rufewa ina tsaye, shi kuma yana kiran wannan taimakon ɗan'uwa. Ranar da na gaya masa cikin ladabi cewa abin da yake yi zalunci ne, bai ɗaga murya ba. Ɗora hannu ya yi a kan wayar kanti, ya ce, "Ishaya, lamba ɗaya zan buga, mutanen imigireshan su zo su huta da kai." Mutumin da muka yi waƙa tare a majami'a ɗaya muna yara. Na ɗauki jakata na fita.

A bakin tashar jirgin ruwan da ke tsallaka da mutane zuwa Manhattan na ji wani dattijo yana zagin iska da Hausa, saboda ta watsar masa da hulunan sanyin da yake sayarwa. Na sunkuya na taya shi tsincewa, na ce masa sannu. Ya dube ni tun daga takalmi har wuyan kwat.

"Ɗan Najeriya ne wanga. Mi sunanka?"

"Ishaya, Baba. Ni Kirista ne."

"Na tambaye ka addini? Ka ci abinci yau?"

Ban ci ba. Wannan shi ne Baba Illo, mutumin Tawa ta ƙasar Nijar, wanda shi ma ba shi da takarda ko ta ƙunsa ƙosai. Da ya ji aikin da nake yi a gida sai ya raɗa mini suna Akawu, kuma da shi aka san ni har na bar birnin.

Morrisania

Baba Illo ya kai ni ɗakinsu a unguwar Morrisania, a hawa na sama na wani tsohon bene mai warin danshi. 'Yan tireda ne duka, mutanen Nijar, kowa da katifarsa a ƙasa. Ba wanda ya taɓa ce mini uffan a kan Littafi Mai Tsarki da nake karantawa. In za su yi salla na janye katifata, in Lahadi ta zo Baba Illo ne ke tashina: "Akawu, tashi ka tahi wurin Allahnka, kada ka makara." Na sami aikin wankin mota a wani gareji da ba a tambayar takarda. Rani da ɗari hannuna yana cikin ruwa.

A hunturu na uku tari ya kama ni. Da farko na ɗauka mura ce. Sai ƙirjina ya soma kuka kamar an sa usur a ciki, musamman da asuba, kuma hawan benen da nake yi a guje ya koma sai na tsaya ina riƙe ƙarfe ina haki. Na rame har wandona yana zamewa.

A shekarun nan tarin tibi ya yi yawa a birnin, ko'ina maganarsa ake yi. A ɗakinmu labarin ya fi haka muni. An ce duk baƙon da aka samu da shi, wani tsibiri ake kai shi a kulle, daga can sai jirgin mayar da shi ƙasarsu. Ban san inda gaskiya ta tsaya ba, amma abu ɗaya na sani fiye da kowa a ɗakin: ba mai shiga asibiti ya fito ba a buɗe masa fayil ba. Suna, adireshi, ƙasar haihuwa, da sunayen waɗanda yake kwana da su. Da hannuna na cika irin waɗannan. In na je, ba kaina kaɗai zan kai ba, har da Baba Illo da duk wanda ya raba tuwo da ni. Na ga yadda abokan ɗaki suka soma matsar da katifunsu daga tawa. In tari ya taso mini a jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai in cusa fuskata cikin kwat, ina jin kamar kowane fasinja ɗan sanda ne. Na soma tunanin yadda za a gaya wa mahaifiyata, da kuma wanda zai san inda aka binne ni.

Wata rana Baba Illo ya dawo da fara'a. "Akawu, an samu lokotoro namu. Bahaushe ne na Kumasi, ya yi zaman Indiya. Ba allura, ba takarda, ba tambaya. Da lumfashi kawai yake wanke mutum."

Na ce, "Baba, wace makaranta ya yi?"

"Kai da ka yi makaranta, ga ka nan kana kuka kamar kyanwa. Lahadi mu tahi. An ce kada ka ci komi."

Mount Hope

A ƙarƙashin wani babban bene a unguwar Mount Hope wurin yake, ɗaki ne marar taga kusa da tukunyar da ke ɗumama gidan, daura da ɗakin injinan wanki. An shimfiɗa kwalaye a ƙasa. Maza sun cika shi, yawancinsu 'yan tireda da direbobin tasi, duk marasa takarda, kowa da ciwon da yake ɓoyewa. An jera takalma a bakin ƙofa kamar masallaci. Mai wurin, wanda ake kira Dokta Bambe, ƙaƙƙarfan mutum ne sanye da farar riga, da carbin katako a wuya. Ya ɗora kunnensa a bayana na ɗan lokaci, ya miƙe.

"Massa, kai ba ka da ciwo kuraa, ko kaɗan. Datti ne. Dattin Amerika ya cika ƙirjinka. Yoga, motsa jikin Indiyawa, zai fitar da shi yau yau."

Na tambaye shi ko yana da wata shaidar koyon wannan aiki. Ya juya wajen jama'a yana dariya. "Kun ji ɗan boko? Yana mutuwa yana neman satifiket!" Aka yi dariya, har da masu tari.

Ga yadda aikinsa yake, kamar yadda na gani da idona. Da farko kowa zai sha ruwan ɗumi kofi bayan kofi, sa'an nan a miƙe a yi ta lanƙwasa, dama da hagu, a murɗa ƙugu, a tsuguna, a danna ciki da gwiwa, har ciki ya ɓarke a ruga banɗaki. Bayan haka akwai wankin hanci: ƙaramar buta ce ake zura bakinta a ƙofar hanci ɗaya, a karkata kai, ruwan ya fito ta ɗayar. Wannan ya kwanta wa jama'a a rai ƙwarai, don suna ganin ɗan'uwan shaƙa ruwa ne na alwala. Na ƙarshe shi ne abin da ya kira numfashin wuta.

Da kofin ya iso hannuna na ga ruwan ja-ja ne, yana santsi a yatsa. Na kurɓa, harshena ya gane shi kafin hankalina.

"Wannan ai kanwa ce."

"Jar kanwa ta asali," in ji Dokta, yana buga ƙirji. "Indiyawa gishiri suke sa, don su ganye suke ci. Cikin Bahaushe mai cin tuwo da nama, chale abokina, gishiri zai yi masa me? Ni na gyara abin ya dace da mu."

Kowa ya gyaɗa kai. Wa zai yi gardama da kanwa? Da ita iyayenmu mata suka yi jego, da ita aka wanke mana ciki muna yara, ita ake ba dabba ta yi ƙiba. Ɗanɗanonta ya kai ni tsakar gidanmu, na ga mahaifiyata a bakin murhu. A garin da komai baƙo ne, an miƙo mini abin da na sani. Na shanye. Amma abin da ake jefa ɗan ƙanƙani a tukunyar kunu, shi wannan mutum yake zubawa da ludayi.

Na yi lanƙwasar, cikina yana juyawa. Da aka zo wankin hanci, ruwan ya shiga kamar an zura mini garwashi har cikin ƙwaƙwalwa. Wani ya gangara maƙogwarona, na sarƙe, na yi ta tari. Dokta ya ce alama ce mai kyau, datti ya ji wuta. Ya zaunar da mu, ya ce a fizgo numfashi ta hanci da sauri da sauri, ciki yana bugawa kamar zugazugin maƙera. Yana tafa hannu yana ƙara sauri. "Ƙara! Ƙara! Akawu, kai ne a baya!"

A nan ƙirjina ya rufe. Na nemi iska, babu. Kamar an ɗaure ni da igiya ana ja. Na ga kwan lantarkin ɗakin yana nisa yana ƙanƙancewa. Na so in ce a taimake ni, sai wani siririn kuka kawai ke fita. Na faɗi a kan kwali.

Ina jin maganganu a kaina kamar daga cikin rijiya.

"Leɓensa ya canza kala!"

"A kira motar asibiti."

"Kai, rufa mana asiri! In ta zo, 'yan sanda na biye da ita."

Sai muryar Dokta, wadda yanzu ba dariya a cikinta: "Ku kama ƙafafunsa. Mu fitar da shi ta baya, mu zaunar da shi a bencin jiran bas. Wani zai gan shi. A nan bai taɓa zuwa ba, kun ji ko?"

Ina so a san cewa na ji wannan da kunnena, ina da rai, ana shawarar yar da ni a kan ƙanƙara kamar mushe. Hannuwa suka kama idon sawuna. Sai na ji an doke su.

"Wanda ya sake taɓa yaron ga, wallahi sai dai a kwashe mu biyu," in ji Baba Illo. "Ni na kawo shi."

"Alhaji, kai ma ba ka da takarda fa!"

"Na sani. Ku ba ni hanya."

Ya fita neman wayar titi. Da jama'a suka tabbata da gaske yake, ɗakin ya watse. An gaya mini daga baya cewa an ga manyan mutane suna gudu a kan ƙanƙara ba takalmi, wani da buta a hannu.

Hayaniyar ce ta jawo wata tsohuwa daga ɗakin wanki. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, jinin Indiya daga ƙasar Guyana, ana kiranta Madam Kamla. Ba ta tambayi ko ni wane ne ba. Ta sa Dokta ya ɗaga ni zaune, ta karkato ni gaba, ta ɗora gwiwoyin hannuna a kan wani bokiti da ta kife. Ta tsuguna har fuskarta ta yi daidai da tawa, ta yi mini magana da Turanci a hankali.

"Ɗana, dube ni. Daina kokawar jawo iska. Wadda ke ciki ce ta maƙale. Fitar da ita. Tsuke bakinka kamar za ka hura shayi mai zafi. Haka. A hankali, kada ka tura."

Duk jikina yana cewa in ja, ita tana cewa in saki. Ta ɗora tafin hannunta a bayana, tana hura tata iskar tare da ni, doguwa, siririya. Na bi ta don ba ni da wani abin bi. Iskar ta fita kaɗan, sai wata 'yar kaɗan ta shigo da kanta. Muka sake. Tsoro ya taso zai sa in koma haki, ta riƙe haɓata.

"Kada ka tafi gobe, kada ka tafi gida. Wannan numfashin kaɗai ne aikinka. In ya ƙare, mu yi na gaba."

Ba ta warkar da ni ba, kuma ba ta ce za ta warkar da ni ba. Riƙe ni ta yi a bakin rami. Tana cikin haka idonta ya faɗa kan butar wankin hanci. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar, ta dubi Dokta da wani irin kallo.

"Kai ne mai goge mini bene. Kwana nawa ka tsaya a bakin ƙofata kana leƙen darasin da nake yi wa mata? Ɗan gishiri ake sawa, wanda bai fi hawaye ba. Mai ciwon ƙirji kuma ba a sa shi wannan haki. Me ka zuba a nan?"

Dokta Bambe, wanda ko taswirar Indiya ban tabbata ya taɓa gani ba, ya ce zai je ya duba ko motar ta iso. Ban sake ganinsa ba.

Motar ta zo. Baba Illo na tsaye a bakin titi yana ɗaga hannu biyu, ba hula, ba takalmi. Turancinsa bai wuce na ciniki ba, abin da ya yi ta faɗa a waya shi ne mutum na mutuwa, da sunan titin, har masu motar asibitin suka gane. Da aka ɗora ni a gadon ɗauka, na ga motar 'yan sanda ta tsaya a baya. Na yi masa alama da ido ya tafi. Ya ja da baya cikin 'yan kallo, ƙofar ta rufe.

Asibiti

Aka sa mini abin shaƙa a fuska, ƙirjina ya buɗe kamar an kwance ƙulli. Amma da likita ya ji daɗewar tarin da ramar da na yi, sai ya sa aka keɓe ni a ɗaki ni kaɗai, mai ƙofar gilashi, kowa ya shigo da ƙyalle a hanci. Wata ma'aikaciya ta zo da takardar buɗe fayil. Na ba ta sunana na gaskiya da ƙasata, domin ban iya ƙarya a kan irin wannan takarda ba. Da ta zo kan adireshi da abokan kwana, na ce ta dakata sai sakamako ya fito: in tibi ne zan faɗa, don su ma a duba su. Ta dube ni, ta bar gurbin a buɗe.

Kwanakin jiran nan su ne mafi tsawo a rayuwata. Duk takun takalmi a baranda nawa ne. In ya matso sai zuciyata ta hau bugu, ƙirjina ya soma tsukewa, sai in karkata gaba in tsuke baki in hura, ina gaya wa kaina cewa wannan numfashin kaɗai ne aikina. Ina tunanin ɗakin Morrisania, ko an riga an fasa ƙofarsa, ko Baba Illo yana wani wuri da ankwa a hannu saboda ni. Ba wanda zan tambaya.

Game da Dokta Bambe, na ji daga baya cewa ya buɗe sabon wuri a wata unguwa, kuma yana cika. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Bai zaɓi masu lafiya ko masu gata ba. Ya zaɓi mutanen da ya san ko ya kashe su ba mai kai ƙara. Madam Kamla kuwa na koma wurinta bayan na warke, ta koya mini zama shiru da jan numfashi yadda ya kamata, kuma kullum sai ta tambaye ni ko maganin asibiti yana aljihuna kafin mu fara.

Da safiyar da sakamako zai fito, likita ya shigo ba ƙyalle a hancinsa. Ya ce ba tibi ba ne. Asma ce, danshi da ruwan sanyi suka tayar da ita, kuma za a iya zama da ita har tsufa. Ya rubuta mini magani ya ce in shirya a sallame ni. Ban gama gode wa Allah ba sai na hango mutum ta gilashin ƙofa. Dogo, baƙar kwat har gwiwa, baƙar malafa, da jakar hannu irin ta ma'aikatan gwamnati. Yana tafe yana duba lambar kowane ɗaki. Ya tsaya a nawa.

Na ce shi ke nan, sun jira ne likita ya gama. Na sauko da ƙafafuna ƙasa, na gyara rigar asibiti, don na ƙudura ba za a ja ni a kwance ba. Ƙofar ta buɗe.

"Akawu, kana da rai?"

Baba Illo ne. Kwat ɗin ta yi masa yawa a kafaɗa, laktayen a karkace kamar igiyar akuya, gumi yana zuba daga ƙarƙashin malafar.

"Baba! Me ya kawo ka nan? In aka tare ka fa?"

"Shi ya sa na yi shigar manya. An ce mai kwat da jaka ba a tambayarsa komi. Tun shekaranjiya nake zuwa bakin ƙohwa ina komawa, ƙahwata ta ƙi shiga." Ya rage murya. "Mi suka ce? Tsibiri?"

"Ba tibi ba ne, Baba. Ba wanda za a nema. Gida za ni."

Ya zauna a bakin gadon kamar an yanke masa jijiya. Ya rufe fuska da malafar, kafaɗunsa suna motsi. Na ɗauki jakar don in ba shi wuri, na ji ba nauyi. Na buɗe, ba komai a ciki sai takalmana da na bari a Mount Hope.

Ya share ido, ya miƙe, ya daka mini tsawa kamar ni na yi masa laifi.

"To sa su mu tahi, mi kake kallo? Kwat ɗin ga ta aro ce, mai ita yana waje cikin sanyi da 'yar shat, kuma da ita zai tahi aiki."